Kano zuwa Jidda: Yadda Za Ka Lissafa Nisa da Awannin Tafiyar Jirgin Sama da Kanka

A ce ga tikitin Umara a hannunka. An rubuta tashi daga Kano ƙarfe 11:00 na dare, sauka Jidda ƙarfe 5:40 na asuba. Wanda ya ƙirga da yatsu zai ce awa shida da minti arba'in ke nan. Ya duba wajen dawowa, ya ga tashi daga Jidda ƙarfe 9:00 na safe, sauka Kano 11:50, wato awa biyu da minti hamsin. Daga nan sai zance ya tashi a majalisa: wani ya ce jirgin dawowa ne ya fi lafiya, wani ya ce ai dawowa gangara ce. Alhali hanyar ɗaya ce, kuma kowace tafiya a cikin biyun ba ta kai awa biyar ba. Tikitin bai yi ƙarya ba. Kowane gari aka rubuta masa lokaci da agogonsa, kuma Jidda tana gaban Kano da awa biyu.

Lissafin da ke warware irin wannan ruɗani bai fi ƙarfin mai biro da takarda da kalkuletar waya ba. Wanda ya iya shi, ejan ba zai sayar masa da tafiyar kwana biyu da sunan "gobe kana can" ba, kuma ba zai sa ɗan'uwansa ya kwana a bakin filin jirgi yana jiran jirgin da sai jibi zai iso ba.

Fara da nisa

Kowane filin jirgi yana da lambobi biyu da ke nuna mazauninsa a doron ƙasa. Ta farko tana faɗin digiri nawa yake arewa ko kudu da ikweta, layin da ya raba duniya biyu. Ta biyu tana faɗin digiri nawa yake gabas ko yamma da layin da ya ratsa unguwar Girinwich a Landan. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana 21.68 arewa, 39.16 gabas. Idan ka danna wuri ka riƙe a taswirar Google da ke wayarka, za ta ba ka waɗannan lambobi.

Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, ko'ina kake a duniya. Na gabas da yamma shi ne mai rikici, domin yana tsukewa gwargwadon nisanka da ikweta: a kan ikweta 111 ne, a Kano wajen 109, a Jidda 103, a Landan ya koma 69. Tsakanin Kano da Jidda sai mu ɗauki tsaka-tsaki, 106.

Cire 12.05 daga 21.68, ya rage 9.63. Sau 111, ya ba ka kilomita 1,069. Iyakar hawan da za a yi arewa ke nan. Cire 8.52 daga 39.16, ya rage 30.64. Sau 106, ya ba ka kilomita 3,248 na tafiya gabas. To, jirgi ba ya yin gabas ya gama sannan ya karya kwana ya yi arewa, ratse yake yi. Don samun tsawon ratsen, ninka kowace lamba da kanta: 1,069 sau 1,069, da 3,248 sau 3,248. Haɗa amsoshin biyu, za ka sami 11,692,265. Danna alamar √ a kalkuleta. Amsa ita ce 3,419. Nisan Kano da Jidda kilomita 3,420 ne, ba tare da ƙarin da ya taka kara ya karya ba. Madina ta ɗara kaɗan, wajen 3,560.

Wannan dabara tana aiki sosai a tafiyar da ba ta wuce kilomita dubu huɗu ko biyar ba, musamman a yankinmu da ke kusa da ikweta. Idan tafiya ta yi tsawo sai ta fara zarcewa, domin tana ɗaukar ƙasa a shimfiɗe, ita kuwa ƙasa dunƙulalliya ce. Gwada ta a kan Kano zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin, za ta ba ka kusan 11,150, alhali ainihin nisan wajen 10,940 ne. A irin wannan tafiya, ka yi amfani da ma'aunin nisa na taswirar waya, ko ka nemi ƙwallon taswirar duniya irin na makarantu, ka ɗora zare a kan garuruwan biyu ka ja shi ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta, kuma ita matuƙa ke nema. Idan aka zana ta a taswirar bango sai ta fito a lanƙwashe, mutum ya ɗauka zagaye aka yi. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa yammacin Amurka yake bi ta can ƙuryar arewacin duniya, wajen ƙanƙara.

Mu Musulmi mun daɗe da wannan lissafi ko ba mu lura ba, don shi ne lissafin alƙibla. Daga Kano, alƙibla ba gabas sak ba ce, tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa, kuma kusan nan jirgin Jidda yake sa hancinsa. A birnin Niyok kuwa masallata arewa maso gabas suke fuskanta, duk da cewa Makka ta fi su kudu nesa ba kusa ba.

Zaren Kano zuwa Jidda yana bi ta saman Jigawa da Yobe, ya gifta yankin Diffa a Nijar, ya wuce ta arewacin tafkin Chadi, ya shiga hamada, ya ratsa arewacin Darfur, ya tsallake kogin Nilu daura da Dongola, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Fot Sudan. Kakanninmu da suka yi wannan tafiya a ƙasa sun fi bi ta kudu kaɗan, inda akwai ruwa da garuruwa: Barno, Abeshe, Fashir, Ubayyid, Khartum, har Sawakin. Wasu sun shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙodago don neman guzuri, wasu kuma can suka zauna, jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa har yau.

Ka kula da ma'aunin da aka ba ka nisa da shi. Kilomita 3,420 ɗin nan ita ce mil 2,125 a ma'aunin mil na ƙasa, mai mita 1,609, kuma ita ce mil 1,847 a mil na teku, mai mita 1,852, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi. Lambobi uku, nisa ɗaya. Allon da ke gaban kujera yakan juya daga wannan ma'auni zuwa wancan.

Daga kilomita zuwa awa

Jirgin fasinja idan ya kai inda yake daidaita tafiya, tsakanin mita 10,000 da 12,000 a sama, gudunsa bai cika bambanta ba. Matsakaita irin Boeing 737 da Airbus A320 suna yin wajen kilomita 830 a awa. Manya irin Boeing 777 da 787 da Airbus A350 suna taɓa 900. Ɗauki 850, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Kafin ka raba, ƙara wa nisan kashi biyar cikin ɗari. Dalili shi ne sama ma tana da tituna. Jirgi yana bin hanyoyin da aka shata daga wannan alama zuwa waccan, yana kauce wa hadari, kuma wajen sauka sai ya zagayo ya fuskanci titin jirgi ta ɓangaren da iska ta yarda. Saboda haka 3,420 ta zama 3,590. Raba da 850, ka sami 4.2. A nan mutane da yawa ke zamewa: 4.2 ba awa huɗu da minti ashirin ba ce. Abin da ke bayan ɗigo sai an ninka shi da 60, wato awa huɗu da minti goma sha biyu ko sha uku.

Sannan ƙara rabin awa. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga inda ya yi lodi, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cik a wancan filin. Tafiyar da yake yi a hankali zuwa bakin titi, da jiran izinin hasumiya, da hawa da gangarowa waɗanda ba a yin su da cikakken gudu, duk suna ciki. Jimla, awa huɗu da minti arba'in da 'yan kai. A manyan filaye masu cunkoso irin na Landan ko Dubai, minti arba'in da biyar ya fi rabin awa dacewa. Kamfanoni kuma sukan ɗan ƙara mintuna a jadawalinsu don kada a riƙa cewa sun makara, shi ya sa wani lokaci matuƙi zai yi ta alfaharin an iso da wuri alhali tafiyar ba ta canza ba.

Abubuwa biyu ne ke rushe wannan lissafi, kuma ka san su tun kafin ka zargi kowa.

Na farko iska. A can saman da jirage ke bi akwai kogunan iska masu gudun da kan wuce kilomita 200 a awa, kuma jirgi a cikinsu kamar kwalekwale ne a Kwara: mai bin ruwa da mai hawan ruwa ba sa isa tare ko da ƙarfin tuƙinsu ɗaya. A saman Turai da Amurka da tekun Atlantika, kogin daga yamma yake kwararowa zuwa gabas. Tsakanin Niyok da Landan kilomita 5,540 ne, amma zuwa Landan wajen awa bakwai ake rubutawa, komawa Niyok wajen takwas. A Fabrairun 2020, lokacin wata babbar guguwa, wani Boeing 747 na British Airways ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Akwai masu cewa juyawar duniya ce ke kawo garin da ke yamma kusa da jirgi. Da haka ne, da tafiya yamma ce za ta fi sauri, ga shi kuwa ita ce ta fi jinkiri a can. A namu yankin abin bai kai haka tsanani ba, kuma yana bin yanayi: da damina iskar sama a kan Sahel daga gabas take busowa, tana tare mai zuwa Jidda, da hunturu kuwa ta yamma takan sauko kan hamada ta tura shi. Bambancin mintuna ne, ba awanni ba.

Na biyu, wanda ya fi iska ɓarna, shi ne rufe sararin samaniya. Zaren da muka ja ya kwanta a kan Sudan mai tsawo. Da yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin ƙasar, jiragen alhazan Najeriya na waccan shekara dole suka koma zagaye, aka kuma yi ta kai ruwa rana tsakanin Hukumar Alhazai da kamfanonin jigila a kan ƙarin kuɗin kujera. Don ka ga girman abin, ko da jirgi zai miƙe zuwa saman Addis Ababa sannan ya juya arewa zuwa Jidda, tafiyar ta zama kilomita 4,740, ƙarin awa ɗaya da rabi ke nan, ga ƙarin mai. A Agustan 2023 Nijar ma ta rufe nata sararin na 'yan makonni bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka riƙa kewayawa. Tun 2022 kuma da aka hana jiragen Turai bi ta Rasha, tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo da ake yi cikin kusan awa tara ta koma kusan sha uku. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk ƙarin kilomita 850, ƙarin awa guda. Idan lissafinka ya ce awa biyar tikiti ya ce bakwai, ko dai zagaye za a yi, ko akwai saukar shan mai ko ɗaukar fasinja a wani gari da ba a gaya maka ba. Ka tambaya. Lambar jirgi ɗaya daga farko har ƙarshe ba ta nufin ba za a sauka a hanya ba.

Agogo

Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato minti huɗu a kan kowane digiri. Digiri 30.64 da ke tsakanin Kano da Jidda sun ba da awa biyu da minti biyu na rana, agogon hukuma kuma ya ce awa biyu. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. Gana tana bayansu da awa ɗaya. Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da Habasha da Turkiyya da biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai, Indiya da huɗu da rabi. Ingila ce mai wayo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta ɗaya da na Kano, sauran watannin tana baya da awa ɗaya. Masar ma ta koma canza agogo da bazara tun 2023.

Shawarata ita ce kada ka yi lissafi da agogo biyu. Mayar da kowane lokaci da ke kan tikitin zuwa agogon gida, sannan ka cire. Sauka Jidda 5:40 na asuba, a Kano 3:40 ne na dare. Daga 11:00 zuwa 3:40, awa huɗu da minti arba'in. Tashi daga Jidda 9:00 na safe, a Kano 7:00 ne. Daga 7:00 zuwa 11:50, awa huɗu da minti hamsin. Ka kuma duba ko akwai +1 a gefen lokacin sauka, alamar cewa kwanan wata ya juya. Mai tikitin ƙarfe 00:30 na ranar Talata kuwa, daren Litinin zai je filin jirgi. Mutane da dama sun rasa jirgi a kan wannan.

Lissafin agogo ya shafi ibada. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe 12:00 na rana zai sauka Jidda 6:40 na yamma a agogonsu, magariba ta yi ko tana bakin yi, azahar da la'asar duk sun same shi a kujera. Mai azumi da ya nufi gabas yininsa ya ragu da awa biyu, mai dawowa yamma nasa ya ƙaru. A can sama kuma ana ci gaba da ganin rana mintuna goma da ɗoriya bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa daidai wurin. Hukuncin haɗa salla da buɗa baki da ɗaura harami kafin a kai daura da mikati, wannan na malamai ne, a tambaye su tun ana gida. Naka shi ne ka je musu da lokutan a rubuce.

Tafiya mai yada zango

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je Guwanzu ba shi da jirgi kai tsaye daga Kano, sai ya canza a wani gari. A taswirar bango, bi ta Addis Ababa ya fi kama da hanya, Alkahira kuwa kamar an haura arewa a banza. Zare ya ce a'a. Kano zuwa Addis 3,330, Addis zuwa Guwanzu 8,040, jimla 11,370. Kano zuwa Alkahira 3,100, Alkahira zuwa Guwanzu 7,990, jimla 11,090. Ta Masar ce ta fi kusa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yi wa kowane zango lissafinsa daban, kowanne da rabin awarsa. Ta Addis, idan hanya a buɗe take, awa 4 da minti 35 da kuma awa 10 da minti 25, wato awa 15 a sama. Ta Alkahira, awa 4 da minti 20 da awa 10 da minti 20, wato 14 da minti 40. Bambancin minti ashirin ne kacal. Zaman jira a tsakani kuwa yana iya zama awa uku, yana iya zama sha biyar. Don haka wajen zaɓen tikiti, tsawon jiran za ka duba, ba kilomita ba.

A ce ka bar Kano Litinin ƙarfe 2:00 na rana. Ka sauka Addis 6:35 na yamma a agogon gida, 8:35 a nasu. Ka jira awa huɗu, ka tashi 10:35 na dare a agogon gida. Bayan awa 10 da minti 25 ka sauka ƙarfe 9:00 na safiyar Talata a agogon Kano, wanda a Guwanzu 4:00 ne na yamma. Tafiyar awa 19 ce, ko da yake mai kallon tikiti zai ƙirga 26. Wajen dawowa awa bakwai ɗin nan za a mayar maka da su.

Jira mai tsawo gajiya ne, amma gajere ya fi shi haɗari. Ni ba na ba kowa shawarar ƙasa da awa biyu a tafiyar ƙasa da ƙasa, balle da hunturu, lokacin da hazo kan hana jirgi sauka ko tashi a Kano a kan kari. Idan tikiti biyu ne daban-daban daga kamfanoni biyu, abin ya ƙara tsanani: sau da yawa sai ka karɓi kayanka ka sake awo, wata ƙasar ma sai da biza kafin ka fita wajen karɓar kayan, kuma idan jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da kai. Wajen cike takarda kuma a lura, alamar filin Kano KAN ce, ta Guwanzu CAN. Dubi takardar da aka liƙa wa jakarka kafin ta shige.

Saura abin da tikiti ba ya faɗa. Awa uku kafin tashi kana filin jirgi. Bayan sauka akwai layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da kwastan, wanda a ranar sa'a awa ɗaya ne, a lokacin aikin Hajji kuwa sai abin da hali ya yi. Daga filin Jidda zuwa Makka akwai kusan kilomita 100, a mota ko a jirgin ƙasa na Haramaini da ya fara aiki a 2018. Mutumin Gusau ko Damagaram da zai tashi ta Kano ya ƙara yininsa na mota. Tafiyar awa huɗu da minti arba'in a sama, daga ƙofar gida a Kano zuwa masauki a Makka ba ta kasa awa goma.

Kwana biyu kafin tafiya, sa lambar jirginka a manhajar Flightradar24, za ta nuna maka awa nawa ya yi a 'yan kwanakin nan da hanyar da ya bi, ka gwada da naka lissafin. Wanda zai tarbe ka kuma, kada ka ce masa "da asuba zan iso". Tura masa lambar jirgin, da ranar sauka, da lokacin a agogon garinsu.